Ki Tafi da Takwarana

Assalamu alaikum, Uwar Takwara.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki da sanyin zuciya. Allah Ya tsare miki hanyar da za ki hau jibi, tun daga tashar Tamale zuwa Akara, daga Akara har ƙofar ɗakinki a Ohio. Allah Ya raba ki da sharrin hanya da na mutane, Ya raba ki da sharrin shawarar da aka bayar don ƙauna alhali ba ta da kyau.

Na san za ki yi dariya, ki ce yau kuma Baba wasiƙa yake rubuta wa mutumin da bango ɗaya ya raba su. To yaya zan yi? Ke ce 'yar fari. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dube ki ido cikin ido na yi doguwar magana ba. Uwarki Hajiya kuwa in ta ɗauko zance, ko mai shelar motar Kumasi sai ya ba ta wuri. Shi ya sa na zauna a shago da rana tsaka, tsakanin tayoyin babur da sarƙoƙi, na ɗora takarda a kan kwalin batir. Masu saye biyu sun zo na ce musu babu, alhali kayan na rataye bisa kaina. Hankalina ba ya jikina tun ranar Juma'a.

Ga abin da ke damuna. Kin zo mana hutu da ɗanki Alhassan, mai sunana, wanda ban taɓa riƙewa a hannu ba sai bana da ya shekara huɗu. Ke da mijinki Yakubu kun rabu, maganar wanda zai riƙe yaron tana gaban alƙalin kotun iyali a can. Da bakinki kika gaya wa uwarki, ni kuma ina alwala ina ji, cewa alƙalin ya yarda ki zo da shi ne bisa sharaɗin ki mayar da shi kafin ranar zama. Sai ga shi ranar Juma'a kawun Yakubu ya taso daga Kanvili da dattawa, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu, aka yanke cewa yaro ya zauna wurinmu kakanninsa a nan Kukuo, ya yi karatun allo, ya iya Hausa da Dagbanci, har ku huce. Aka fasa goro, aka shafa fatiha. Kowa ya tashi yana murna, Hajiya har guɗa ta yi. Ni ma na shafa tare da su, amma ba da zuciya ɗaya ba, domin na taɓa zama a kan irin wannan tabarmar.

Kin san labarin, ai har yau 'yan Aboabo Baba Amerika suke kirana, in sun so tsokana su tambaye ni ina na ajiye dalolin. Amma ke kin san shi ne a matsayin abin dariya. Bari yau in ba ki shi da ƙashinsa.

Kina goye na tafi New York, na yi shekaru ina jan tasi. Wata rana a layin jiran fasinja, wani ɗan zangon Kumasi mai suna Isaka ya sha gabana. Magana ta kai magana, na ture shi, ya faɗi a kan ƙofar mota ya fasa leɓe. A nan da mutane sun raba mu an wuce wurin. Can kuwa wani ya kira 'yan sanda. Suka tafi da ni, suka ɗauki hoton yatsuna, suka sake ni da wata 'yar takarda mai ranar zuwa kotu.

Kafin ranar ta zo, dattawan masallacinmu suka zaunar da mu. Na ba Isaka haƙuri, ya rungume ni, ya ce, “Massa, magana ya ƙare. Ni ban kai ka ko'ina ba. Kar ka je kotu koraa, ko kusa, ka ɓata aikinka a banza.” Liman ya yi addu'a. Na ninke takardar na jefa a akwatin gaban mota, na ci gaba da neman abincina.

Abin da ban sani ba, maganar ba ta Isaka ba ce. A ƙasar nan tasu, in abu ya zama laifi, jiha ce ke ƙarar mutum, wanda aka yi wa laifin shaida ne kawai. Ko ya yafe duniya da lahira, ba shi da ikon rufe abin da ba shi ya buɗe ba. Aka kira sunana a kotu, shiru. Alƙali ya ba da umarnin a kamo ni duk inda aka gan ni, ni kuma ina can ina cin wake da shinkafa hankali kwance.

Daga baya lauyan da aka ba ni ya faɗa mini abin da har yau in na tuna sai na ciji yatsa. Ya ce da na je ranar, da wuya a ce ba a tura mu wurin masu sasanci ba, tunda rikici ne ƙarami kuma mai haƙƙi ya huce. Wato irin sulhun da muka yi a masallaci, shi za mu sake yi, sai dai a rubuta a kai wa alƙali. Sulhunmu ba shi da aibi, kotu ce ba ta san an yi shi ba. Ki riƙe wannan da kyau. Fatihar da aka shafa ranar Juma'a, Allah Ya karɓa, amma alƙalin Ohio bai ji ta ba. Abin da ya sani shi ne ya ba ki yaro amana, ya sa miki rana.

Kuma ina so ki tuna yadda aka yi da Yakubu. Kawunsa ya kira shi a waya, ya buɗe murya kowa na ji, ya zayyana masa abin da manya suka yanke. Yakubu ya ce, “To, Kawu.” Dattawa suka ce ya yarda. Haba! Wane ɗan zango ne zai ce wa kawunsa a'a a gaban jama'a? Ni da na ji nauyin wannan “to” ɗin na san ba yarda ba ce, ladabi ne. Ranar da ya zauna da lauyansa, ba kawu ba tabarma, aka tambaye shi ko ya sa hannu a wani abu, zai ce bai sa ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ban ce mugu ne ba. Uba ne, shi ma yana son ɗansa kamar yadda kike so.

Wancan kuskurena na farko ke nan, ga na biyu. Da raɗe-raɗi ya zo mini cewa ana nemana, maimakon in kai kaina, sai na yi dabarar ƙauye. Na tattara na ƙetare kogi na koma jihar New Jersey, tunda an ce kowace jiha da dokarta da kotunanta. Gaskiya ne kuwa, jiha hamsin, kowacce da nata alƙalai, ga kuma kotunan tarayya a gefe da nasu aikin daban. Ni a wautata na ɗauka in ka bar jiha ka bar shari'arta, kamar wanda ya yi faɗa a Tamale ya gudu Yendi. Ban daɗe ba fitilar bayan motata ta mutu, ɗan sanda ya tsayar da ni, ya danna sunana a na'ura. Ya dawo hannunsa a kan ƙugu.

Da aka kai ni gaban alƙalin wurin, na roƙe shi ya yi mini hukunci a gama. Ya ce ba shi da hurumi. Ranar na fara jin kalmar da ta canza mini rayuwa. Hurumi shi ne iyakar gonar alƙali: wane irin zance aka ba shi ikon ji, a wace ƙasa, a kan waɗanne mutane. Kin ga yadda sarkin Kukuo ba zai raba rikicin fili a Sagnarigu ba, ko da shi ya fi kowa hikima? To haka. Alƙalin ya ce inda abu ya faru, can za a yi shi. Aka mayar da ni New York da ankwa a hannu, ina kallon gadar da na ƙetare da murna.

Na kawo wannan ne saboda maganar uwarki. Jiya da na ɗan taɓa zancen, ta ajiye muciya ta ce, “Alhaji, kai dai tsoro ya gama da kai. Wane alƙali zai hau jirgi ya zo Kukuo ya kwance yaro a bayana? Nan ma muna da kotu, muna da loya paa. Rahina shi ne uwan yaro, shi ya haife shi!” Ban amsa mata ba, kin san ni da ita. Amma ke zan amsa miki.

Gaskiya ta faɗa, ba alƙalin da zai zo Kukuo. Ba ya ma bukata, domin ke za ki je masa. Can aikinki yake, can takardunki suke, can aka haifi yaron, can ya yi wayo. A wurinsu maganar riƙon yaro ta kotun jihar da yaron yake zaune ce, inda ya yi aƙalla wata shidan da suka wuce kafin a shigar da ƙara. Alƙalin Ohio ya riga ya karɓi zancen, ba zai sake shi don an yi hutu a Tamale ba. Ko da kotun nan ta ba ki takarda mai hatimi goma, ba ita za ta hana shi tambayarki ina yaro ba. Ki sauka daga jirgi hannu rabbana, ki tsaya gabansa ki ce kin bar shi wurin kaka, me kike zaton zai ji? Mu riƙo muke ce masa. Ni kaina goggona ce ta riƙe ni, ke ma kin yi shekara biyu a ɗakin kakarki, ba wanda ya ce an sace ki. Su kuwa ba su da wannan kalmar. Abin da za su gani shi ne uwa ta karya umarnin kotu, ta ɓoye wa uba ɗansa a wata ƙasa. Daga nan alƙalin da yake kallonki da mutunci zai fara tunanin ba Yakubu yaron gaba ɗaya. Abin da ya fi tsorata ni, riƙe yaro a wajen ƙasar don hana uba haƙƙinsa laifi ne a dokar tarayya. Sai zance ya tashi daga ɗakin alƙalin iyali, inda ake maganar makaranta da ranakun ziyara, ya faɗa hannun mutanen da ba ruwansu da hawayenki. Kada ki ɗauki maganata ita kaɗai, ni tsohon direba ne, ba lauya ba. Ki kira lauyarki yau ɗin nan ki tambaye ta. In ta ce na yi kuskure, ki yaga takardar nan.

Na uku shi ne wanda ya dawo da ni gida. Da aka gurfanar da ni a New York, aka tambaye ni ko ina son tafinta. Na ce ni? Ɗan Gana da ya yi makaranta, ya yi shekaru yana ciniki da fasinja? Girman kai ya hana ni. Ashe Turancin tasi daban, na kotu daban. Na tsaya kaina a sunkuye kamar yadda aka koya mana tsayawa gaban manya, alƙali na magana ina cewa na'am, na'am. Lauyan gwamnati da aka ba ni yana da mutane cike da benci suna jiransa, ya ce in na amsa laifi yau zan kwana a gida. Na amsa. Na kwana a gida kuwa. Ban tambayi abin da amsawar za ta jawo wa takardun zamana ba, shi ma bai tsaya ya faɗa ba. Da lokacin gyara takardu ya yi, sai ga maganar leɓen Isaka tana jirana a gaban wani alƙalin, na shige da fice, wanda shi na gwamnatin tarayya ne. Na ce masa ai an sasanta, ai Isaka ma shi ya rako ni yau. Ya ce shi ba hurumin sake waccan shari'ar gare shi ba, abin da na amsa na amsa. Na tambayi lauya ko a ɗaukaka ƙara. Ya ce kotun sama ba ta sake kiran shaidu ta ji labari daga farko, dubawa take ko alƙalin ƙasa ya kauce wa doka, ni kuwa da bakina na ce na yi. Alƙalai uku na gani a ƙasar nan, ba wanda ya zalunce ni a cikinsu, kuma ba wanda ya taɓa jin labarina daga farko har ƙarshe.

Saboda haka in kin shiga, ki ɗaga kai ki dubi alƙali. Sunkuyar da kai da muke kira kunya, su suna iya ɗaukarsa rashin gaskiya. Abin da ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, a maimaita. Na san Turancinki ya fi nawa nesa, kina aikin jinya da shi kullum, amma in zuciya ta tashi harshe kan koma gida, neman tafinta ba abin kunya ba ne. Kada ki sa hannu a komai don kawai a gama ki tafi aiki. Kada ki makara, kada ki fasa zama ko da Yakubu ya kira ki ya rantse ya janye. Sai kin ji daga bakin kotu.

Kin ce kafin zaman alƙali za a haɗa ku da mai sasanci, kika ce ba za ki je ki zauna ɗaki ɗaya da Yakubu ba. Ki je, don Allah. Wannan ita ce tabarmarsu. Bambancinta da tamu, mai sasancin ba dattijo ba ne da zai yanke ya ce a shafa. Ba ya hukunci, ba ya bin bayan kowa. Zama yake tsakaninku yana jan zance har ku da kanku ku fitar da abin da za ku iya rayuwa da shi. In kin zauna shiru kina jiran ya ga gaskiyarki ya faɗa, haka za ku tashi. In zama da Yakubu ya yi miki nauyi, ki faɗa, sukan raba ɗaki mai sasanci ya riƙa kai da komo. Ki kuma bambanta shi da wani iri da suke da shi, wanda ake ɗauko mutum a ba shi wuƙa da nama, abin da ya yanke ya zauna. Kamfanin tasinmu da irin wannan yake ɗaure direbobi. Ki tambaya tun a bakin ƙofa wanne ne aka kira ki.

A wannan ɗakin ne za ki nemi abin da uwarki take so, ta hanyar da ba za a ƙwace miki ba. Ki ce kina son yaro ya riƙa zuwa Tamale duk dogon hutu, ya san kakanninsa na Kukuo da na Kanvili, ya yi karatun allo. Yakubu ɗan zango ne, shi ma zai so ɗansa ya iya gaida mutane. In kun daidaita a rubuta, alƙali ya sa hannu, ya zama umarni. Kuma ki kama bakinki a kan ubansa. Na san akwai abin da ya yi miki, na ga yadda kika rame, ban makance ba. Abin da ya shafi lafiyarki ko ta yaron ki faɗa wa lauyarki duka, kada ki rufa asirin da zai cuce ki. Amma zagi da gori ki bar su a gida. Alƙalin ba tambayar wa ya fi laifi a aure yake ba, tambayarsa ina yaron zai fi samun kulawa, kuma yana lura da wanda ke ƙoƙarin raba ɗa da mahaifinsa.

Yanzu saura abin da ya fi mini wuya. Kada ki zaci ba na son yaron nan ya zauna. Tun da kuka zo, da asuba in na dawo masallaci yana bakin ƙofa yana jiran ƙosai. Ya kori zabin maƙwabta har sun daina shigowa. Ya hau yalo-yalo, babur ɗin nan mai ƙafa uku, sau ɗaya, yanzu kullum sai na zagaya da shi. Shekaranjiya ya zauna a shagon nan yana jera mini kusoshi, wani ya tambaye shi sunansa, ya buga ƙirji ya ce, “Ni Alhassan ne, wannan ma Alhassan ne.” Na shiga bayan kanta na yi kamar ina neman wani abu. Ranar da dattawa suka ce ya zauna, wallahi zuciyata tsalle ta yi kafin hankalina ya kamo ta. Na rasa ƙuruciyarki ina can ina jan tasi, sai na ga kamar Allah ne Ya mayar mini da ita. Ni na saya masa ƙaramin keken nan ja, ba kowa ba, kuma da niyyar ya zauna na saya.

Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, wannan kuwa ba tsumma ba ne, na gane zanen bayansa. In ya zauna, mu za mu same shi na ɗan lokaci, ke ki rasa shi, mu ma daga baya a hana shi zuwa. In ya tafi, ni da Hajiya ne kawai za mu yi kuka.

Uwarki ki bar ni da ita. Za ta yi fushi, za ta ce na kunyata ta gaban mutanen Kanvili, tuwona zai zo da sanyi har bayan Sallah. Na saba. Kawun Yakubu ma ni zan hau babur in je in same shi gobe, in durƙusa in ce ni na warware, ba ke ba. A ce Baba Amerika ya sake tsoron Turawa, ai ba yau aka fara ba.

Na je tasha da safe. Kujera biyu na yanka, ba ɗaya ba.

Rahinatu. Kin ga na rubuta shi yau. Rahinatu, 'yata, ki tafi da ɗanki. Keken zan rataye shi a zaure inda zan riƙa ganinsa. In Allah Ya dawo mini da takwarana da izinin alƙali, na tarar keken ya yi masa kaɗan, ba abin da zan yi sai godiya.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sauke ku lafiya. Allah Ya ba ki baki a inda ake magana, Ya ba ki haƙuri a inda ake shiru. Allah Ya sanyaya zuciyar Yakubu da taki, Ya haɗa ku da alƙali mai adalci. Allah Ya raya Alhassan tsakanin uwa da uba, kada Ya sa ya san an taɓa ja-in-ja a kansa. In kun isa ki sa shi ya kira ni, ko da ba abin da zai ce.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhassan, Kukuo.